Lambobin ƙananan lig na besbol: shaida ne ko ruɗi?

Baban Iman: Jama'a salam. Ni dai na gaji da wannan hoton sakamakon da Auta yake turo mana kullum da safe, wane ya buga hom ron (bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili) biyu a Albuquerque, wane abarejinsa (kason nasararsa a bugu) ya kai .340 a Reno. Magana ɗaya zan faɗa kuma ina kanta, lambobin ƙananan lig na besbol ba sa gaya maka komai game da abin da yaro zai zama in ya hau MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Ruɗi ne kawai. Wanda yake da ja ya zo.

Auta: Haba Baba, komai fa ka ce? To da me kulob suke kallo suna ɗaga yaro daga High-A zuwa Double-A (matakan ƙananan lig daga ƙasa su ne Single-A, High-A, Double-A, Triple-A), duba suke yi?

Baban Iman: Da ido suke kallo ɗana, shi ya sa suke biyan sikawut, wato mai farautar gwanayen yara, albashi yana yawo gari gari da bindigar auna gudun ƙwallo. Bari in ba ka mutum biyu. Brandon Wood, yaron Angels, a 2005 ya buga hom ron 43 a Rancho Cucamonga ta California League (High-A a lokacin) yana ɗan shekara 20, duk Amurka aka ɗauka an samu sabon sarki, da ya hau sama abarejinsa gaba ɗaya .186 ya tsaya. Na biyu Mike Hessman, hom ron 433 a ƙananan lig na Amurka, ba wanda ya kai shi, a 2015 ya kafa tarihin yana Toledo. A MLB nawa ya buga? 14. Sha huɗu kacal. In lamba gaskiya take faɗa ina sauran suka tafi?

Malam Lissafi: Baban Iman barka da wannan tsokaci, amma misalan nan naka biyu ni suke wa aiki ba kai ba. Wood ɗin a wannan shekarar da ya buga 43 ɗin an fitar da shi da sitiraik awut (fitar da mai bugu in ya kasa sau uku) sama da 120, kuma da ya je Double-A abin ƙaruwa ya yi. Wannan ma ai lamba ce, tana nan a layi ɗaya da hom ron ɗin, mutane ne suka ƙi karanta ta saboda 43 ta cika musu ido. Yaron da masu jifan High-A suke wucewa da ƙwallo haka, me kake zato za a yi masa in ya haɗu da wanda yake jefa silaida (jifa mai lanƙwasa) inda ya ga dama? Ga kuma California League da kowa ya san ƙwallo tashi take yi a filayenta. Shi kuwa Hessman shekararsa 37 lokacin da ya kafa tarihin, babban mutum ne yana dukan jifan yara da na waɗanda aka sauko da su daga sama. Lambar ba ta yi ƙarya ba, karatunta ne aka yi rabi.

Baban Iman: Malam ai bayan abu ya faru kowa malami ne. A 2005 ɗin wa ya ce kar a yarda da Wood? Jerin gwanayen yara duk a sama sama suka sa shi.

Ɗan Zongo: Ni ina bayan Baba a nan amma ta wata hanya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je Coney Island kallon Cyclones, tim ɗin ƙananan lig na Brooklyn, na samu kujera a bayan mai kama ƙwallo kaɗan. Akwai wani yaro dogo na baƙin tim, a takarda ya tashi da hit (bugun da ya kai mutum bes lafiya) biyu cikin huɗu, in Auta ya turo mana za mu ce ya yi wasa. Amma ni da na gani, na farko ƙwallo ce ta gangara a hankali tsakanin mai tsaron bes na uku da na kusa da shi su biyun suka tsaya kallon juna, na biyu kuma bakin sanda ta taɓa ta faɗa bayan bes na ɗaya. Sauran biyun kuwa duk lokacin da aka jefa masa mai lanƙwasa a ƙasa sai ka ga ƙafarsa ta gaba ta riga ta tafi, kafaɗa ta buɗe, yana sara iska ƙwallo tana cikin ƙura. Sai wani gajere da ya tashi ba hit ko ɗaya, amma sau uku yana maka ta da ƙarfi tana tafiya kai tsaye hannun mai tsaro, har wani dattijo da ke gefena da littafinsa ya yi ta rubutu. Gani ya kori ji wallahi.

Auta: Yaya wasa ɗaya fa ka kalla. Ba wanda ya ce a yanke hukunci da wasa ɗaya, ni ma da nake turowa don mu bi su ne kullum. Sa'a tana yi wa mutum aiki kwana ɗaya ko sati ɗaya amma ba ta yi masa wata biyar. Kuma abin da ka ce gajeren yana maka ta da ƙarfi, yanzu ai na'ura tana auna shi, tun 2023 duk filayen Triple-A akwai Statcast, za ka ga gudun da ƙwallo ta bar sanda da shi. Abin da idonka ya gani ya zama lamba ke nan.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in sa baki. Baban Iman ina da tambaya, in ido ne mai gaskiya, ido nawa ne ya kalli Albert Pujols aka bar shi har zagaye na 13 a diraf (zaɓen sababbin 'yan wasa) na 1999, mutum 401 aka ɗauka kafin shi? Shekara ɗaya tak ya yi a ƙananan lig ya nuna abin da yake, a 2001 yana St. Louis, ya gama da hom ron 703. Jose Altuve kuwa da ya je gwaji a Benezuwela cewa aka yi ya koma gida ya yi gajarta, dala 15,000 Astros suka ba shi daga baya. Me ya cece shi? Duk matakin da aka kai shi sai ya yi ta buga hit har kunya ta kama su, a 2011 daga Double-A suka ɗauke shi kai tsaye, a 2017 ya zama MVP, wato gwarzon ɗan wasan shekara. Da ido aka bi da yanzu ba wanda ya san sunansa. Mu da muke da yara a makaranta mun san wannan, yaron da ba shi da siffa sakamakonsa ne kaɗai yake yi masa magana.

Baban Iman: Hajiya na ji, kuma Altuve ina girmama shi. Amma ki duba Jackson Holliday. Na ɗaya a diraf ɗin 2022, a 2023 ya ratsa mataki huɗu a shekara guda daga Single-A har Norfolk ta Triple-A, abareji .323, wok (tafiya bes na ɗaya kyauta in mai jifa ya kauce sau huɗu) sama da 100, yana ɗan 19. Duk abin da Malam yake cewa a duba, shekaru ne, haƙurin zaɓen ƙwallo ne, yaron nan yana da shi. Afrilun 2024 Orioles suka ɗauko shi, hit 2 cikin 34, sitiraik awut 18, suka mayar da shi. To wace lambar ce ta faɗi wannan?

Malam Lissafi: Zuwa bugu 34 Baba! Wasa goma! Kai da kake cewa sizin guda na Wood ba shaida ba ne, yanzu wasa goma ya zama shaida? Kuma da ya dawo ƙarshen Yuli hom ron ɗinsa na farko da mutum uku a kan bes ya buga shi. Mike Trout a 2011 wasa 40 ya yi abareji .220, shekara ta gaba ya buga hom ron 30 ya saci bes 49 ya zama gwarzon sababbi. Aaron Judge naku na Yankees da kuke alfahari da shi a Bronx, a 2016 zuwa bugu 84 sitiraik awut 42, rabi cif, mutane har sun fara cewa tsawonsa ya yi yawa ba zai iya kare ƙasa ba, 2017 ya buga 52. Tazarar Triple-A da MLB babba ce, kusan kowa sai ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa. Abin da lambar ƙasa take gaya maka shi ne wa ya fi yiwuwar tashi bayan tuntuɓen, ba ta yi maka alkawarin satin farko ba.

Ɗan Zongo: Yiwuwa, yiwuwa. Malam kullum nan kake fakewa. In ya yi kyau ka ce lamba ta faɗa, in ya lalace ka ce ai yiwuwa na ce.

Malam Lissafi: To sikawut ɗin da yake ba yaro maki daga 20 zuwa 80 shi tabbas yake bayarwa? Shi ma hasashe ne ɗan'uwa, bambancin kawai nawa ana iya komawa a duba a ga inda na kauce. Ni abin da nake kallo uku ne kuma ban ɓoye ba, shekarun yaro a kan matakin da yake, yadda yake tsakanin wok da sitiraik awut, sai filin da yake wasa. Ɗan 26 da yake .330 a Albuquerque inda tsayin garin ya kai wajen mita 1,600 iska ba nauyi ƙwallo mai lanƙwasa ba ta lanƙwasa sosai, ban damu da shi ba. Ɗan 19 da yake .280 a Double-A cikin sanyin Afrilu na gabas, wannan zan tashi tsaye. Juan Soto a 2018 wasa 39 kawai ya yi a ƙasa, 8 daga ciki a Harrisburg ta Double-A, bai taka Triple-A ba Nationals suka kira shi a watan Mayu yana 19, ya buga hom ron 22 a shekarar.

Auta: Kamar ƙwallon ƙafa ne ai. Kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, Macauley Chrisantus ya ci 7 a 2007 ya ɗauki takalmin zinare, Osimhen ya ci 10 a 2015, ɗaya ya zama abin da ya zama ɗayan shiru. Amma ba wanda zai ce don haka a daina kallon wa yake cin ƙwallo a gasar yara.

Maman Sadiq: Akwai kuma abin da ba ku taɓo ba, ba duk jinkiri ne na rashin iyawa ba, wani na kuɗi ne. Kris Bryant ya buga hom ron 43 a ƙasa a 2014, kowa ya san ya isa, amma Cubs suka ajiye shi a Iowa farkon 2015 sai 17 ga Afrilu suka kira shi. Ya gama shekarar da kwana 171 na aiki, ana buƙatar 172 kafin a lissafa shekara cikakkiya, da kwana ɗaya suka ƙara riƙe shi shekara guda kafin ya samu 'yancin tafiya inda yake so. Sannan ku tuna yadda yaran nan suke rayuwa, kafin yarjejeniyar 2023 mafi ƙarancin albashin Triple-A dala 17,500 ne a shekara, aka mai da shi 35,800, na ƙasa kuwa ba a magana. Yaron da yake kwana su biyar a ɗaki yana tafiyar bas ta dare yana cin abin da ya samu, in ya yi wata guda ba ya bugu ni ba zan yi saurin cewa ba shi da baiwa ba. Abin yana taɓa ni gaskiya, don yawancinsu ba za su taɓa hawa ba kuma ƙuruciyarsu ce take tafiya.

Baban Iman: Wannan gaskiya ne Hajiya, kuma tun da aka rage ƙungiyoyin zuwa 120 a 2021 aka mai da diraf zagaye 20, irin su Mike Piazza da aka ɗauka a zagaye na 62 a 1988 ba ma za su samu ƙofar shiga ba balle su tara lambar da Malam zai karanta. Amma ni ku bar masu bugu, mu zo kan masu jifa, nan ne maganata ta fi ƙarfi. Mai jifa a Double-A sau da yawa an ce masa yau canjin gudu za ka yi ta jefawa ko ana dukanka, don ya koya, an kuma ƙayyade masa jifa 75 a cire shi. ERA ɗinsa (matsakaicin makin da ake ci a kansa) zai kumbura alhali umarni yake bi. Wani kuma yana da fasbol (jifa mai gudu) mai mil 90 a awa kawai amma ya iya wayo, yana ta yaudarar yara ERA ɗinsa 2 da ɗigo, ya hau sama a farfasa shi. Wanda bai zauna ya kalla ba ina zai san wannan?

Auta: Paul Skenes fa Baba? ERA 0.99 a wasa 7 a Indianapolis ta Triple-A, ya hau a Mayun 2024 ya gama da 1.96. Lamba ta faɗa kuma ta tabbata.

Baban Iman: Skenes ko makaho ya ji ƙarar ƙwallonsa a safar mai kamawa ya san ya isa, mil 100 yake jefawa, ba ERA ce ta gaya wa Pirates ba, tun yana jami'ar LSU suka ɗauke shi na ɗaya. Kuma hannun ɗan'adam ba ya cikin lissafi. Brien Taylor na ɗaya a 1991, Yankees suka ba shi dala miliyan 1.55, yana tafiya lafiya lau har Double-A, ƙarshen 1993 ya ji ciwo a kafaɗa wajen faɗa, bai taɓa jefa ƙwallo ɗaya a MLB ba.

Malam Lissafi: Kafaɗar Taylor ai sikawut ma bai hango ta ba, wannan ƙaddara ce ba ta kowa ba. A kan ERA kuwa ban ja da kai ba, ni ma ba na kallonta a ƙasa, sitiraik awut da wok nake ƙirgawa a kan yawan waɗanda ya fuskanta, su ba ruwansu da mai tsaron da ya saki ƙwallo. Mark Appel da masu ido suka ɗauka na ɗaya a 2013 gaban Bryant, a 2014 aka yi ta dukansa a Lancaster ERA 9.74, an ce iskar filin ce, to ya bar Lancaster ɗin ma bai zama abin da aka ce ba, sai 2022 ya taka MLB da Phillies yana ɗan 30. A nan wa ya yi gaskiya, ido ko takarda?

Baban Iman: Appel ciwo ya yi ta fama da shi Malam, kafaɗa ta hana shi sakat har ya ajiye wasan a 2018 kafin ya dawo. Ka kawo min mai jifa lafiyayye wanda sikawut suka ce ba shi da kaya, lamba kaɗai ta ce yana da shi, kuma ya daɗe a sama. Ina jira.

Ɗan Zongo: Somerset, tim ɗin Double-A na Yankees, suna gida wannan satin, ni zan tuƙa. Malam ka zo da lambobin mai jifan ranar a waya kar ka nuna wa Baba, shi ya kalla da ido inin (zagayen wasa) uku ya faɗi abin da ya gani, sannan mu buɗe. Auta kai ne shaida, kuɗin tikiti kowa ya biya nasa.