Muhawara: Shin DC ta kashe Teen Titans a 2011?

Sadiq: Ni dai maganata ɗaya ce, abin da kamfanin littattafan barkwanci na zane (comics) DC ya fitar a watan Satumba na 2011 da sunan Teen Titans, wato ƙungiyar matasan jarumai, suna kawai ya ɗauka. Bayan labarin Flashpoint suka share tarihin yawancin jarumansu, suka sake fara littattafai 52 daga lamba ta ɗaya, Scott Lobdell yana rubuta na Titans, Brett Booth yana zane. Ka buɗe kana neman Raven da Starfire da Cyborg, sai ka ci karo da wasu Bunker da Skitter. Daga ina kuma?

Maryam: Yaya Sadiq, gaskiya katun ɗin Cartoon Network na 2003 kake kewa. Ƙungiyar nan ta saba sauya mutane. Su Raven ɗin da kake kuka a kansu ai baƙi ne lokacin da Marv Wolfman da George Pérez suka ƙirƙiro su a 1980.

Sadiq: Ƙanwata, Wolfman bai kori 'yan gida ba don ya saukar da baƙi. Dick Grayson yana nan, Wally West (Kid Flash) yana nan, Donna Troy tana nan. Kan abotarsu aka ɗora komai, shi ya sa da Terra ta ci amanarsu a labarin The Judas Contract abin ya yi ciwo. A 2011 kuwa Wally da Donna babu su kwata-kwata, ko ambatonsu ba a yi.

Kawu Bala: Ku bar batun waɗanda aka cire. Abin da ya fi ba ni haushi Tim Drake ne. Yaron da ya gano da basirarsa cewa Bruce Wayne ne Batman, ya yi shekara kusan ashirin yana Robin, mataimakin Batman, sai a lamba ta 0 ta 2012 aka ce mana wai bai taɓa zama Robin ba, Red Robin yake tun farko. Ga wasu fukafukai da aka liƙa masa a baya. Labarin kuma kullum gudu ake daga ƙungiyar miyagu ta N.O.W.H.E.R.E. da shugabanta Harvest, yaran nan ba sa samun zama su yi hira ko su yi wa juna tsiya, alhali wannan shi ne gishirin Titans.

Maryam: Kawu, ban musa maka kan Tim ba. Amma sabon mai karatu fa? Wa zai haddace tarihin shekara arba'in kafin ya sayi littafi ɗaya? Kuma Cyborg ya samu ƙarin girma, ya shiga cikin waɗanda suka kafa Justice League, ƙungiyar manyan jarumai.

Kawu Bala: Girman da aka ture Martian Manhunter aka ba shi? A Titans yana da aminin da suke zolayar juna, Beast Boy. A League ya koma mai buɗe wa manya hanya da na'ura.

Sadiq: Kuma DC da kanta ta sauko. A 2016 Geoff Johns ya dawo da Wally a littafin Rebirth, Barry Allen (Flash) ya tuna shi ya fizgo shi ya rungume.

Maryam: Da ba a ɓoye shi shekara biyar ba, da wannan shafin bai sa ka hawaye ba, Yaya.

Sadiq: Shafi ɗaya ba zai biya ni lambobi 30 na Lobdell ba.