"Rasuwa" ta tayar da ƙura a zauren 'yan unguwa

Ɗan Boko: Jama'a, kwana uku ina saka abu a zauren nan ba mai tankawa, amma a saka hoton shinkafar biki yanzu sai sharhi hamsin. To ga wannan. Ran 4 ga Afrilu 1943 wani jirgin Amurka mai ruwan bama-bamai, B-24 da ake kira Lady Be Good, ya tashi daga Soluch kusa da Bengazi zai kai hari birnin Naples na Italiya. Su tara ne a ciki, fitarsu ta farko ke nan. A dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka nutsa hamadar Libiya har mai ya ƙare, suka diro da lema. Takwas suka haɗu, ruwansu rabin gora, suka miƙi arewa a ƙafa suna zaton teku na kusa. Sai 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin, kuma da aka je aka tarar da ruwa a ciki. A 1960 aka tsinci gawa takwas. Saura ɗayan, Saja Vernon Moore, har yau ba a ga ƙashinsa ba. Sama da shekara 80 da rasuwarsa, babu kabari.

Malam Babba: Gyara kalamanka, yaro. Mutuwarsa za ka ce. Rasuwa ta Musulmi ce.

Ɗan Boko: Allah gafarta Malam, rasuwa ai daga rashi take. Uwarsa ba ta yi rashi ba?

Malam Babba: Haka muka taras iyayenmu na faɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, a rediyo kullum ana cewa shugaban ƙasa kaza ya rasu, ban taɓa ji ka kira su ba.

Na Malam: Hajiya, 'yan rediyo ne hujja yanzu? Wanda ya ɗauko bam zai zuba wa mutane, har shi ake wa lallashin kalma?

Ɗan Agadas: Ku kuna faɗan kalma. Na yi karen mota a hanyar Dirku shekara huɗu. Na ga wanda ƙishirwa ta kashe, harshe ya kumbura, jarka a rungume babu ɗigo. Namu nawa ne ke kwance a rairayin nan? Wa ya je nemansu?

Na Malam: Ka ji magana! Shi Ɗan Boko biza yake nema, shi ya sa kullum Amurka.

Ɗan Boko: Bizar da kake faɗa, fara biyan dubu biyar ɗin adashen da ka riƙe tun azumi.

Na Malam: A nan za ka tona? Wallahi sai Hajiya ta faɗi wanda ya ci kwasa biyu.

Hajiya Mai Atamfa: Kada ku sako ni. Ni kakana Burma ya tafi bai dawo ba, kuma a gidanmu "rasu" muke cewa.

Na Malam: Shi ai Musulmi ne!

Hajiya Mai Atamfa: Ka san shi ne?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Taƙaitawa: an tattauna, Malam ya yi bayani gamsasshe, kowa ya fahimci "mutu" ce daidai. Ɗan Boko ya riƙa girmama manya, ya kuma daina kawo mana labarin Turawa da tsakar dare. Batun adashe a same ni a shago bayan La'asar. Na rufe sharhi.

Ɗan Boko ya fita daga zauren.