Ramukan jikin wata: ina suke shiga idan wata ya cika?

Sani_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya kawo mini tsarabar madubin hangen nesa mai ido biyu, sai na jingina shi a kan katanga na leƙa wata yana da kwana bakwai. Wallahi ban taɓa zaton haka fuskarsa take ba. Ramuka ne birjik, manya da ƙanana, wani ma a cikin wani, sun jeru a inda haske ya rabu da duhu. Na jira daren sha huɗu ina ganin a ranar zan more kallo, sai na tarar da shi fari fat, ba komai sai baƙaƙen tabon nan da kowa ya sani. Ina ramukan suka shiga? Kuma me ya haƙa su, aman wuta ne?

Malam_Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ramukan suna nan daram, inuwa ce ta tafi. A daren bakwai rana a karkace take haska wurin da ka kalla, kowane rami ya fitar da inuwarsa, kamar yadda fitilar mota ke tona gargadar titi da daddare alhali da rana tsaka ba ka lura da ita. Idan wata ya cika hasken tsaye yake sauka, sai komai ya baje.

Zancen aman wuta kuma, masana da dama sun daɗe a kan wannan fahimta. A 1893 wani Ba'amurke, Grove Gilbert, ya ce a'a, duwatsu ne suka faɗo daga sarari, amma sai da 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo suka kwaso duwatsun wata daga 1969 kafin gardamar ta mutu.

Baƙaƙen tabon su ne ma manyan raunukan. Wanda ake kira Imbrium faɗinsa ya haura kilomita 1,100, kuma an yi karon da ya haifar da shi wajen shekara biliyan 3.9 da suka wuce. Daga baya narkakken dutse ya ɓullo daga ƙasa ya cika kwarin, ya daskare ya yi baƙi. Wato aman wuta ya shigo, amma a matsayin mai cikewa.

Hajiya_Kumasi:
Malam Habu, mu ma muna da namu a nan Gana. Tafkin Bosumtwi, kudu maso gabas da Kumasi, dutse ne daga sama ya haƙa shi shekara miliyan ɗaya da ɗoriya, faɗin ramin ya ɗan wuce kilomita 10. Yanzu ruwa ya cika shi, daji da gonaki sun rufe gefensa, masunta na ta harkarsu. Wanda ba a faɗa wa ba, ba zai gane ba.

Ɗan_Damagaram:
Ni abin da bai shige ni ba, in jifa ne, ai ba duka za su faɗo a miƙe ba. Ya aka yi kusan duk ramukan suke a zagaye?

Malam_Habu:
Tambayarka ta yi, ɗan'uwa. Gudun dutsen kan kai wajen kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya. Da irin wannan gudu fashewa yake yi gaba ɗaya, fashewa kuwa kowane ɓangare take turawa, shi ya sa ramin yakan ninka dutsen sau goma ko fiye. Sai wanda ya zo a kwance ƙwarai ne ke barin dogon rami.

Hajiya kuma ta taɓo bambancin: a duniya ruwa da iska da tsiro suna share ramuka, a wata babu ko ɗaya, tabo yakan zauna shekaru biliyoyi. Mafi girman ramukan wata, kwarin South Pole-Aitken, faɗinsa wajen kilomita 2,500, yana bayan wata inda ba ma gani daga nan. Daga cikinsa kumbon Sin mai suna Chang'e 6 ya ɗebo ƙasa a 2024.

Malam Sani, kada ka raina daren sha huɗu. A ranar ne ramin Tycho, can kudancin wata, yake fito da fararen layukansa da suka miƙa sama da kilomita 1,000. A daren bakwai ko takwas kuma ka nemi ramin Albategnius kusa da tsakiya, sunan malamin taurari al-Battani aka sa masa.

Sani_Gwammaja:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Matsalata yanzu rawar hannu ce, katangar ba ta riƙe madubin da kyau. Akwai wanda ya san inda ake sayar da ƙafar ɗora shi a Kano?