Shawarwari ga ɗalibin da zai zana rim ɗin mota a kwamfuta

Da ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Bayero suka tattauna aikin, baki ya zo ɗaya a kan cewa awo ne farko. A je kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano a samo tsohon rim, a auna faɗinsa da ramin tsakiya da tazarar ramukan noti. Na Camry biyar ne, a da'ira mai faɗin milimita 114.3. Kuskure kaɗan a nan, rim ba zai zauna ba.

Manhaja ba abin damuwa ba ce: FreeCAD kyauta ce, masu SolidWorks kuma su yi da ita.

Inda aka fi daɗewa shi ne gwajin nauyi, kuma ni ma nan na fi ba ƙarfi. A sa manhajar ta danna gindin ƙafafun rim ɗin, wato sandunan da suka haɗa tsakiyarsa da bakinsa, domin nan na cikin wuraren da alminiyom kan tsage.