Ina son shiga digirin digirgir a Nazarin Addinin Musulunci, ta ina zan fara?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum malamai. Ni malamin sakandare ne a Funtuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin addini. Na gama digiri na biyu a 2019 da maki 3.62. Tun daga nan nake ta baɗi zan koma, baɗi zan koma, har furfura ta fara leƙowa.

Abin da ya zaburar da ni, bara da damina ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya fara yoyo. Muna kwashe kaya sai ga wata tsohuwar gafaka, cikinta littafi ne rubutun hannu a kan rabon gado, warƙa 84, Larabci da baƙar tawada, a gefe kuma ƙananan bayanai na ajami da ja. Gara ta cinye warƙoƙin ƙarshe. To makina ya kai? Shekara nawa ake yi? Kuma za a yarda tahƙiƙin wannan littafi, wato tantance mataninsa da mawallafinsa tare da yi masa sharhi, ya zama kundina?

Malam Na Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Maganar takardu ba ta da tsawo. Yawancin jami'o'inmu 3.50 cikin 5.00 suke nema, ka ga ka haye, sai dai ka duba sanarwar wadda kake so don wasu sun fi tsaurarawa. Ka tanadi shaidar hidimar ƙasa da sakamakon sakandare, ka kuma fara bin takardar makinka ta digiri na biyu tun yanzu, ita ce ke tsayar da mutane. Mafi ƙaranci shekara uku ne ga mai karatu na cikakken lokaci.

Littafin ne abin zama a kai. Tambayar farko da za a jefo maka ita ce: waye mawallafin? Samun sa a ɗakin kakanka bai nuna shi ya wallafa ba. Malaman da kwafa suke yi da hannunsu, kuma mai kwafa a ƙarshen littafi yake sa sunansa da ranar da ya gama, wato daidai inda gara ta yi maka ɓarna. Kada ka sha wahalar shekara biyu sannan wani dattijo a wurin kare aiki ya ce ai wannan an buga shi tuntuni, ana sayarwa a Kasuwar Kurmi.

Na biyu, tahƙiƙi da kwafi ɗaya tal yana da rauni, don ba ka da abin gwadawa. Ka je cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ka je cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka duba juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa wanda John Hunwick ya tattara, ya fito a 1995, yana ɗauke da sunayen malaman yankinmu da abin da suka rubuta. Ni dai a ganina ajamin nan na gefe ya fi matanin daraja, don shi ne zai nuna yadda aka karantar da gado a zaure.

Ummu Sadiƙ:
Malam ya ce shekara uku, ni kuwa ina ta biyar. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci mana wata takwas. Mu dai ga yadda muka bi: shekarar farko darussa da jarrabawa, sai kare tsarin bincike a gaban malaman sashe, sai gabatar da maƙalu, sai karewa ta cikin gida, sannan a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a. An kuma ce sai mun buga maƙala a mujallar ilimi.

Ranar kare tsarin bincikena na shiga da take mai layi uku a kan mata da karatun tafsiri a Arewa baki ɗaya. Wani farfesa ya zare tabarau ya ce, "Hajiya, Arewar duka? Da wace motar?" Na fito da ƙaramar hukuma ɗaya. Na yi kuka a adaidaita, amma yau ina yi masa addu'a. Babina na biyu kuma wata biyar ya yi a bayan motar mai duba aikina, ya dawo da jan biro har bango. Ka binciki halin wanda zai duba ka wurin ɗalibansa kafin ka roƙi a ba ka shi. Kuma kada ka sa rai da TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantu ne, mu na sakandare aljihunmu ne.

Ɗan Zaure:
Ni ban ga abin wahala ba. Ka kai wa malamin fara'ili, wato ilimin rabon gado, ya biya maka shi daga farko har inda ya tsaya, in ya so dakta ta biyo baya.

Abu Hafsat:
Ɗan Zaure, ai ba ka kauce ba, dole ma in fara da hakan. Malam, Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa kawo cewa kwafa kakan ya yi ba. Akwai wani baffanmu a Malumfashi da ya yi karatu a gabansa, ya haura tamanin amma da sauran ƙarfinsa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton warƙoƙin a waya in je in nuna masa, gafakar kam Inna ta ce ba za ta bar gidan ba.