Zoben harbi da babu cin tsirkiya a jikinsa: jabu ne?

Mai Kwari: Dillalai sun ishe mu. Kowane zoben babban yatsa sai a ce na maharban da ne, wanda suke sawa don jan tsirkiyar baka. Ni dai in babu gurbin da tsirkiya ta ci a jikinsa, jabu ne, kar kowa ya saya.

Dillalin Kayan Da: Malam, janye kalmar jabu. Na Manchu, ƙabilar da ta mulki ƙasar Sin, zagayayye ne kamar guntun gora. A zamanin Sarkin Sin Qianlong, 1735 zuwa 1796, an sassaƙa su da yawa da jed, wani dutse mai daraja, don ado kawai. Ina za su samu cin tsirkiya?

Mai Kwari: To wannan ai kayan kwalliya ne, ba na harbi ba.

Baba Maƙeri: Kayan kwalliya daban, jabu daban, yaro. Kuma cin ma ana ƙirƙirarsa da zarto. Duba da gilashin ƙara girma: na gaske sumul yake, yana sheƙi, a gefe ɗaya inda tsirkiya ke zama. Na zarto layuka ne jere masu kaifi. Na Turkawa mai harshe kuwa ana manna fata a gindin harshen, ita ke shan gugar.

Hajiya Mai Gwanjo: A bar batun ci, a duba abin da aka yi shi da shi. Hauren giwa yana da layuka masu gicciye juna. Ƙashi yana da ƙananan ramuka baƙi-baƙi. In ana zargin roba, a ɗana masa allura mai zafi.

Baba Maƙeri: Haba Hajiya! Allura a kayan tarihi? Tabon ba ya fita har abada. In dutse ne, auna shi a fili, sake aunawa a cikin ruwa, raba nauyin farko da bambancin. Nau'in jed da ake kira nefrait yana ba da kusan 2.95, gilashi kusan 2.5, kuma sau da yawa akwai kumfa a cikinsa.

Hajiya Mai Gwanjo: Baba, duk mai sayarwa zai tsaya maka ka jiƙa masa kaya?

Ɗan Kurmi: Kullum Sin da Turkiyya. Na dutse da aka tono a kaburburan Meroe a Sudan fa? Ba wanda ke ambatonsu.

Dillalin Kayan Da: Wa ya hana ka? Amma na kabarin Fu Hao, matar wani sarkin Sin na da, a garin Anyang, da aka tono a 1976, ya girme su nesa, wajen shekara 1200 kafin Miladiyya. Yana da gurbin tsirkiya da huda biyu na ɗaura zare.

Mai Kwari: Kun ji ko? Gurbin tsirkiya!

Baba Maƙeri: Wancan sassaƙa shi aka yi tun farko, ba ci ba ne.

Dillalin Kayan Da: A taƙaice, jama'a, kowa ya yarda Mai Kwari ya yi wa dillalai ƙazafi, zoben da babu cin tsirkiya ma sahihi ne. Mai so ya biyo ni ta bayan fage, akwai guda uku a hannu.