Jirgin Kano na 1925 a kan tebur

Maƙerin Fagge:
Salamu alaikum. Ga inda aka kwana kan ƙaramin jirgin sama samfurin DH.9A da nake haɗawa a ma'aunin 1:48, wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 48 na jirgin ainihi. Wasu sassan na'urar 3D ce ta buga su da rezin, ruwan roba da hasken rana ke daskarar da shi. Mai amsa ya amsa da baiti.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Na zo da batu gun malami,
Jirgi nake yi ɗan ƙarami,
Irin na farkon saukowa.

Su uku daga Masar suka yo Kano,
A 1925, in kun tuno,
Fiffike sama da ƙasa aka hango,
Matuƙi Coningham gaba, biyu na biyowa.

Fiffikensa mita 14 ne,
Nawa santimita 29 ne,
Ba na kwali ba ne, na hannu ne,
Zane kawai nake dubawa.

Injinsa Liberty, doki 400,
Silinda 12 sun jeru,
Na'urar 3D ta buga, sun haɗu,
Fiffike ne ya ƙi miƙewa.

Baba Kafinta:
Ɗana sannunka, hoto na gani,
Sai dai ina da ja da zamani,
In na'ura ta buga, faɗa mini,
Wane ne gwanin sassaƙawa?

Mu da katako muka saba,
Balsa da wuƙa, ba mu fasa ba,
Haƙarƙarin fiffike ba a buga ba,
Ɗaya-ɗaya ake jerawa.

'Yar Damagaram:
Baba gafara, in tsoma baki,
Zanen kwamfuta shi ma aiki,
Wanda bai gwada ba ke mamaki,
Kwana ake yi ana aunawa.

Yaya, laifin na rana ne,
Rezin siriri ɗan lallashi ne,
Minti kaɗan na haske isasshe ne,
In ya daɗe sai lanƙwashewa.

Sassaƙa uwar fiffike da katako,
Baba ya san wannan tun farko,
Gasa fallen roba ya yi laushi ya sauko,
Maza ka kife kafin hucewa.

Akwati mai huda-huda a sama,
Bututun injin shara ya kama,
Iska ta zuƙe, fallen ya zama
Ɓawon fiffike, sai yankewa.

Baba Kafinta:
'Yata, maganarki ta shige ni,
Uwar katakon ku bar mini,
Wayar tagulla dai kar ku hana ni,
A ciki take, don tallafawa.

Mai Zubi:
Taya guda ɗaya gyara da kyau,
Silikon ya rufe ta, siffa ya ɗau,
Ka zuba rezin gobe kamar yau,
Tagwaye ne ke fitowa.

Ruwa biyu ne, awo daidai,
Maƙiyinka kumfa ce kawai,
Zafin bazara ba ya jira, sai dai
Zubin asuba kafin daskarewa.

Sandunan tsakani takwas suke,
Kowace da waya a ciki a soke,
Rezin zalla ba zai riƙe
Fiffiken sama ba, sai karyewa.

Ƙurarsa kuwa, ƙanena, kiyaye,
Samfefa a jiƙe, hanci a rufe,
Taga a buɗe, yara a gefe,
Ba na son jin kana tarewa da tari, wallahi da gaske nake.

Maƙerin Fagge:
Na gode Yaya, na gode ƙanwata,
Baba, gobe ina tafe da takardata,
Ruwan azurfa na haɗa don fatarta,
Saura wayoyin ɗaurewa.

Zaren fatsa nake tunani,
Ɗigon gam, amma yana ban tsoro ni,
Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini,
Yaya ake hana shi sakwarkwacewa?

Baba Kafinta:
Huda ramukan kafin fenti,
Zura zaren, ja shi da santi,
Turaren tsinke sayo a kanti,
Garwashinsa ke ɗamewa.

Matso da shi ta ƙasan zare,
Za ka ga ya miƙe ya ɗaure,
Janye hannunka kar ka daure,
In ya taɓa sai tsinkewa.

Taho da hantsi, ka zo da zanen na gefe da na sama duka.